Indararon Kaka Baiwa

Litinin, bayan La'asar. Watan takwas.

Yau na dawo daga Dawce. An gama maimai a gonar gero, hannuwana duk kanta. Baba bana bai dawo daga Legas ba, noman ya faɗo kaina. Ban ko ajiye hauya ba na wuce ɗakin Kaka Baiwa, don in na gaida Inna kafin ita, sai ta ce na yi mata saki. Tun ina ƙarami haka muke: ni ne Maigida, ita ce Amarya, amaryar da ba ta da haƙori ko ɗaya a sama. Ta ce me na kawo mata daga gona, na ce gajiya. Ta yi dariya, dariyar ta koma tari, tarin kuma ya daɗe bai sake ta ba.

Ɗakin yana wani wari. Ba warin tsufa ba, wannan na san shi, da shi ma nake tsokanarta. Irin na tabarmar da aka naɗe da jiƙa ne. Ta zuba turaren wuta a kasko, hayaƙin da warin suna ta kokawa.

Inna ta ce tun da na tafi ruwa bai huta ba, amma indararon ɗakin Kaka ko ɗigo bai yi ba. Ita Kaka ba ta wanka da ruwan famfo muddin akwai na sama. Kullum sai ta kafa bokitinta a ƙarƙashi, kullum ta ɗauke shi da ɗan abin da ya faɗo daga gajimare kawai. Har ta fara cewa aljanu ne ke shanye mata a sama.

Ranar farko abin ya ba da dariya. Ina nan, ban tafi ba tukuna. Kowane indararo a gidan yana zuba, ita tana tsaye da faifai a ka, tana kallon nata tana yi masa faɗa kamar jika. Na yi dariya har na zauna a ƙasa. Na yi niyyar hawa sama washegari. Washegari amalanken Dawce ya zo tun da asuba.

Ta tambaye ni ko na ga koren ɗankwalinta. Na ce Amarya ta fara ɓatar da kayan lefe.

Talata, hantsi.

Na hau ta reshen dalbejiya. Saman ɗakin ya zama tafki, ruwa har idon sawu, 'ya'yan sauro suna ta wutsil-wutsil a ciki. Ta kusurwar gabas ƙasar ta yi laushi, ƙafata ta ɗan nutse. Nan ne daidai kan gadonta.

Na sa hannu a bakin indararo na zaro abin da ke ciki. Ruwa ya ɓalle da ƙara kamar an buɗe rijiya a sama. Kaka ta fito da bokiti tana cewa aljanu sun ƙoshi, amma da ta ga ruwan kore ne yana wari sai ta ja baya.

Najaha ƙanwata tana shanya a tsakar gida. Ba ruwan ta kalla ba, hannuna ta kalla.

Abin yana bayan turken awaki, cikin fasasshen tulu.

Laraba, bayan Azahar.

An yi rana yau. Rufin zai bushe. Ai ƙasa ce, bushewa take yi.

Alhamis, bayan La'asar.

Carbin Kaka ya faɗa bayan gado, ta ce Maigida ya nuna amfaninsa ko sau ɗaya. Na ja gadon ƙarfen, na ɗaga zanen da ta rataya a bango don kada ƙasa ta riƙa zubo mata.

Da ma ban ɗaga ba.

Tun daga azara har ƙasa bangon ya yi duhu, kamar an tsoma shi a ruwa an ciro. A kai akwai ɗigo-ɗigo baƙaƙe, wasu sun haɗe sun yi faɗin tafin hannu, wasu da gashi-gashi launin toka. Ta gefe kuma wani fari-fari kamar an watsa gari. Bayan zanen shi ma ya kama. Katifar ta ɓangaren bango ta yi sanyi.

Na ce mata bangonta ya yi furfura, ya bi uwar ɗakinsa. Ta yi dariya. Ni ban yi ba, bakina ne kawai ya saba.

Inna ta aika a kira Manu magini. Shi ya yi wa saman ɗakin sabon yaɓe kafin ruwa ya sauka.

Juma'a, kafin masallaci.

Manu ya zo. Ya kankaro farin nan da farce ya murza, ya zama gari. Ya ce wannan gishirin ƙasa ne da ruwa ya turo waje, ba shi ne abin tsoro ba. Ya taɓa baƙin da tsinke, ya shafu kamar baƙin tukunya, ya kai hanci ya kau da kai. Ya ce wannan funfuna ce, irin wadda ke fitowa a kan tuwon da aka manta, kuma ita ce ke shiga ƙirjin mutum. Ya ce a fitar da tsohuwa daga ɗakin, a buɗe ƙofa da taga, a daina turare, kuma kada wanda ya shafa wa bangon komai sai ya bushe.

Kaka ta ce a ɗakin nan aka kawo ta amarya ta gaske, a nan ta haifi Baba da Baffa Sa'adu, a nan aka fitar da gawar mijinta na farko. Ni take nufi ne na biyu. Ta ce bango bai isa ya kore ta ba.

Manu ya hau sama ya daɗe. Da ya sauko ya ce ga shatin ruwa nan a jikin rawanin soro, ruwa ya kwana a sama ba kwana ɗaya ba, amma indararo a buɗe yake, har yana hango ƙasa ta ciki. Ya ce ko tsuntsu ne ya yi sheƙa ruwa ya tafi da ita. Ya tambaye ni ko na ga wani abu ranar da ruwan ya ɓalle.

Na ce tsuntsayen unguwar nan ba su da tarbiyya.

Asabar, bayan Asuba.

Na wanke shi da sabulu. Baƙin bai fita ba.

Lahadi, Magariba.

Na yi abin da nake ganin gyara ne.

Kaka da Inna sun tafi suna a gidan Malam Ɗanjuma. Na ɗauki tsintsiya na share bangon tas, ƙura baƙa ta tashi ta cika ɗakin, ni ma sai da na yi ta atishawa. Na dama farar ƙasa na shafe wurin, hannu biyu. Ya yi fari fes kamar na sallah. Na mayar da gado, na mayar da zane.

Da ta dawo na ce mata Maigida ya yi wa Amarya kwalliyar ɗaki. Ta sa mini albarka. Ta daɗe tana sa mini, har da 'ya'yan da ban haifa ba. Na so ta yi shiru.

Ban fitar da katifa da bargo ba kafin in yi sharar. Sai yanzu da nake rubutu na tuna.

Litinin, hantsi.

Tari. Daga ɗakina nake jin sa.

Talata, bayan Azahar.

Tari, da wani sauti a ƙirji kamar ana busa kara. Ta ce sanyin damina ne. Ta ƙi cin tuwo, ta sha kunu kaɗan. Na ce in ta rame zan ƙara aure, ta ɗaga hannu za ta yi mini daƙuwa, hannun ya tsaya a hanya.

Alhamis, bayan La'asar.

Mun kai ta likita a kan babur ɗin kabu-kabu, ni a baya ina riƙe da ita. Ba ta da nauyi ko kaɗan. Majo mai duba marasa lafiya ya sa abin sauraro a bayanta, ya tambaya ko akwai laima a inda take kwana. Inna ta faɗa masa. Ya ba da magani, da wani abu na shaƙa, ya ce ko sau ɗaya kada ta sake kwana a ɗakin sai an gyara.

Da muka dawo na ja gadon. Baƙin ya huda farar ƙasar ya fito, ya fi na da yawa, har ya kai inda da bai kai ba. Manu ya leƙo, ya dubi bangon, ya dube ni. Ya ce wa ya shafa wannan. Na ce ni ne. Wannan kam na iya faɗa. Ya ce na rufe mata baki ne kawai, ita kuwa a ciki take cin abincinta, kuma sharar da na yi a bushe, na watsa ta ne a duk ɗakin.

An shimfiɗa wa Kaka a ɗakin Inna.

Juma'a, bayan La'asar.

Baffa Sa'adu ya kira daga Zinder, Inna ta sa wayar a fili muna ji. Ya ce ya gaji. Ya ce rufin ya ruɓe, Manu ya yi aikin ha'inci, maganar sheƙar tsuntsu kuwa a je a gaya wa yara. Ya ce Juma'a mai zuwa zai zo da mota ya ɗauki tsohuwarsa, ɗakin kuma a rushe shi kafin ya faɗo wa wani. In an samu hali nan gaba a yi na siminti da kwano.

Aka kashe wayar. Sannan Kaka ta ce gidan Baffa ɗakin bene za a sa ta, ba akuya, ba maƙwabciya, ba ƙasa a ƙarƙashin ƙafa. Ta ce in aka rushe ɗakin nan to a tanadi likkafani, don ba da ƙafarta za ta dawo nan Matameye ba.

Na ce haba Amarya. Ta ce, "Yunusa, miƙo mini ruwa."

Ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Ban ma san ta san shi ba.

Asabar, hantsi.

Na leƙa fasasshen tulu. Yana nan, amma ba yadda na ninke shi ba.

Asabar, bayan La'asar.

Najaha ta rantse ba ita ce ba. Ta ce Kaka da kanta ta je ba awaki dusa shekaran jiya, kafin mu tafi likita. Ta ce ita ba ruwanta, amma in aka tafi da Kaka, wa zai riƙa yi wa ita Najaha kitso. Na ce zan koya. Ba ta yi dariya ba. Gidan nan kowa ya daina dariya, sai ka ce ni kaɗai ne nake sayarwa, kuma kayana sun ƙare.

Lahadi, bayan Azahar.

Na je gidan Manu. Na same shi zaune, ba aiki. Wani Alhaji da ya ce zai yi masa katanga a hanyar Ɗan Barto ya aiko cewa a dakata. Magana ta zaga gari cewa rufin Manu ya kusa kashe tsohuwa.

Na ce ya koya mini yadda ake yi, zan yi aikin ni kaɗai. Ya dube ni ya ce me ya dame ni da bangon nan haka. Na ce ɗakin matata ne. Ya ce to.

Ga abin da muka yi, na rubuta don kada in sake yin wauta. Mun fitar da komai tsakar gida. Mun ɗaure hanci da baki da rawani. Ya sa na yayyafa wa bangon ruwa kaɗan don kada ƙura ta tashi, sannan muka kankare yaɓen da fartanya har muka kai ƙasa mai tsabta, muka ƙara kamu ɗaya bayan inda baƙin ya tsaya. Abin da muka kankaro muka zuba a buhu, na kai bayan gari. Gadon ƙarfe da kwanonin jere na wanke da jabel, ruwan nan mai sa tufafi fari, ya ce kada in haɗa shi da wani abu sai ruwa. Tabarma da zanen bango da katifa ya ce ba su da magani, a ƙone. Azara ya bubbuga su ɗaya bayan ɗaya da ƙotar gatari, ya ce lafiyarsu ƙalau, guda ce kawai ta sha ruwa, ita ma za ta bushe.

Kaka tana zaune a ƙofar Inna tana kallon hayaƙin katifarta. Na jira ta ce na ƙona mata gadon aure. Ga maganar nan a fili, ko yaro zai iya ɗauka. Ba ta ɗauka ba.

Litinin, Magariba.

Sau nawa ta kira ni yau, kuma duk Yunusa.

Talata, bayan Asuba.

Na sake wankewa, da jabel wannan karon. Koren ya fita, baƙin ya zauna. Ya kuma yage a tsakiya.

Laraba, bayan La'asar.

Bangon ya fara haske ta sama. In ka ɗora tafin hannu ƙasa-ƙasa har yanzu da sanyi. Manu ya gyara kusurwar gabas a sama, ya daɓe, ya rufe da leda saboda hadari. Ya ce ba za a yi sabon yaɓe a ciki ba sai hannu ya daina jin sanyin nan, ko da za a kai lokacin kaka. Na ce Baffa jibi zai zo. Ya ce shi ba ya iya sa ƙasa ta yi sauri, kuma Baffa ba zai yarda da bakinsa ba ko da ya haɗiye allo. Ya ce da za a ga abin da ya toshe indararon, da magana ta ƙare, don kowa zai san ba rufin ne ya gaza ba.

Yana faɗa yana ɗaure igiyar tsani, bai dube ni ba.

Tarin ya ragu. Ta ci tuwo loma kaɗan.

Alhamis, bayan Azahar.

Na je wurin Malam na makarantar allo kamar zan yi tilawa. Na karanta shafi guda ban san me na karanta ba. Ya ce yau ba ka sa wa kowa ƙwaro a aljihu ba, lafiya? Na ce lafiya.

Inna ta fara haɗa kayan Kaka a jaka.

Juma'a, bayan La'asar.

Baffa ya zo bayan an sauko daga masallaci. Bai zauna ba. Ya shiga ɗakin, ya ga bango a kankare, ya ce ga shi nan, ɗaki ya zama kango. Manu yana tsaye yana bayanin azara, Baffa ya ce masa ya riƙe bayaninsa, mutumin da ya ci amanar tsohuwa ba shi da bakin magana a gidan nan. Manu ya sunkuyar da kai. Babban mutum, da furfura a gemu. An sa jakar Kaka a bayan mota. Ita tana zaune a kan tabarma da mayafinta, ta riga ta sa takalmi.

Na je bayan turken awaki na dawo. Na ajiye shi a ƙasa gaban Baffa.

Ya ce mene ne wannan. Na faɗa masa koren ɗankwalin Kaka ne, da inda ya kwana, da tun yaushe, da hannun da ya cusa shi a indararo. Ba zan rubuta yadda na faɗa ba, ban faɗa da kyau ba. Na dai ce wasa ne. Kalmar ta fito ƙarama ƙwarai.

Baffa ya cire agogonsa ya sa a aljihu. Na san me ke biye da wannan. Ban matsa ba.

Kaka ta ce, "Sa'adu, mayar da agogonka."

Ya ce Iya, yaron nan ya kusa kashe ki.

Ta ce, "Na sani. Na riga ka sani. Tsakanin mace da mijinta ne, ɗa ba ya shiga."

Ya ce wannan ba lokacin wasan jika ba ne. Ta ce ita ma ba wasa take yi ba. Ta ce ita ta koya mini tsokana tun ina goye, ita ta fara ɓoye mini takalmi a cikin tukunya, don haka hukuncin nata ne, ba na wani ba. Ta ce abin da take jira kawai ta ga ko zan bari a tafi da ita, a bar Manu da baƙin suna. Tana maganar tana cire takalmi.

Baffa ya hau tsani da kansa, da babbar rigarsa. Manu ya nuna masa shatin ruwa, ya sauko ya bubbuga masa azara. Da suka gama Baffa ya ba Manu hannu, ya roƙe shi gafara. Ni bai ce mini komai ba, har ya tafi. Sharaɗinsa: ba za ta kwana a ɗakin ba sai Manu ya ce ya bushe, in tarin ya dawo kuma zai zo ya ɗauke ta ba shawara.

Najaha ce ta ciro jakar daga mota.

Na je na durƙusa gaban Manu. Ya ce in tashi, gobe akwai kwaɓa ƙasa a hanyar Ɗan Barto, kuma da kaina zan gaya wa Alhajin abin da na gaya wa Baffa.

Asabar, Magariba.

Na gaya wa Alhajin. Ya yi dariya har da riƙe ciki. Ban taɓa jin haushin dariya ba sai yau.

Har yanzu Yunusa.

Litinin, bayan La'asar.

Bangon ya kusa. Ƙasa-ƙasa ne kawai da sanyi. Ba sabon ɗigo, na duba da tocila har cikin kusurwa. Kullum da safe ni ke buɗe ƙofa da taga, da yamma in rufe.

Laraba, bayan Azahar.

Hadari ya haɗo daga wajen Dungu. Tun kafin ya sauko na hau sama na zura sanda a indararo har sau ba adadi, ko da yake na san ba komai a ciki. Na sauko na kafa bokitinta.

Ruwa ya zo da ƙarfi. Na tsaya a cikinsa ina kallon sama. Indararon ya yi shiru na ɗan lokaci, sai ga shi ya ɓalle, ruwa fari tas yana dukan gindin bokiti. Na bar na farko ya wanke, na zubar, na sake kafawa. Da ya cika na kai mata ƙofar Inna.

Tana zaune, ta ɗaura abin nan a ka. Yagagge, koɗaɗɗe, da baƙin tabo a goshi. Inna ta ce ta tafasa shi sau biyu kafin ta yarda ta ba ta, kuma ta yi ta roƙo a jefar, Kaka ta ƙi. Ta ce da shi za ta je kowane suna da kowane biki a unguwar nan, duk wanda ya tambaya ta ce lefen da aka yi mata ke nan.

Ta sa yatsa a ruwan, ta yi ɗan tari, ƙarami. Ta dube ni ina ɗiga tun daga kai har ƙafa.

Ta ce, "Maigida, rabin bokitin ka zubar a hanya. Koma."